Tef ɗin auna nauyin doki: sai ka san jikin dokin kafin ya faɗa maka gaskiya

Tef ne irin na tela, sai dai ya fi shi tsawo da faɗi. A fuska ɗaya an rubuta nauyi da kilo, a ɗayar kuma tsayi. Amfaninsa a fili yake, domin ba kowace barga ce ke da sikelin da doki zai hau ba, alhali maganin tsutsar ciki da abinci duk da nauyi ake lissafa su. Maganin tsutsa na ivermectin, alal misali, miligiram 0.2 ake bayarwa ga kowane kilo na nauyin doki, kuma idan aka riƙa ba da ƙasa da kima, tsutsar da ta tsira ita ce za ta hayayyafa har maganin ya daina kama ta.

Gurare biyu ne sai mai awo ya gane su da hannunsa. Na farko tudun kafaɗa, wato ƙashin da ya taso inda geza ta ƙare gadon baya ya fara. Na biyu gwiwar da ke manne da ƙirji a saman ƙafar gaba, wadda take daidai da gwiwar hannun mutum. Ba ita ce wadda ake gani a tsakiyar ƙafa ba. Waccan, ko da yake gwiwa ake ce mata, wuyan hannu ce a tsarin ƙashi. A tsayar da dokin a ƙasa mai baje, ƙafafu huɗu daidai, kai a sake. A ɗora tef a gangaren tudun kafaɗa ta baya, a zagayo da shi ta bayan gwiwar nan, kusan inda majayi ke zama. A ja shi ya kwantar da gashi ba tare da ya nutse cikin fata ba, a karanta lokacin da dokin ya fitar da numfashi.

A nan ne aka fi yin kuskure. Tef ya zame baya ya hau tumbi, ko ya murɗe a ɗaya gefen da mai awo ba ya gani. Kuskuren santimita 5 kawai kan iya zama kilo 25 a doki matsakaici.

Babban aibin tef ɗin shi ne zagayen ƙirji kaɗai ya sani. Dogon doki da gajere, muddin ƙirjinsu ɗaya, nauyi ɗaya zai ba su. Ga duƙushi da goɗiya mai ciki kuwa, lambarsa ba abin dogaro ba ce sam, haka ma doki mai tudun kafaɗa da ya yi tsini sosai. Maganin matsalar dogo da gajeren nan shi ne lissafin da masu bincike Carroll da Huntington suka fitar a 1988, wanda ya haɗa da tsawon jiki. Ana auna tsawon daga kan kafaɗa, ƙashin da ya ɓullo gaba a gefen ƙirji, zuwa ƙarshen kuturi, ƙashin da ake ji a gefen gindin wutsiya daga ƙasa kaɗan. A ninka lambar zagayen ƙirji da ita kanta, a ninka da tsawo, duka da santimita, a raba da 11,880. Ƙirji 180 da tsawo 160 zai ba da kilo 436. Abin haushi, tef da yawa ba su da layin santimita, don haka sai an nemi wani tef ɗin dabam kafin a yi wannan lissafi. Tef mai layin santimita ya fi cancanta a saya.

Fuskar tsayi ba ta da wani kirki. Tsayin doki daga ƙasa zuwa ƙololuwar tudun kafaɗa ake ɗauka, saboda kai da wuya suna hawa da sauka, shi kuwa tudun yana nan daram. Tef yana bin lanƙwasar kafaɗa ya ƙara tsayin da babu shi. Sandar awo mai hannu a gicciye ta fi. A kuma lura da rubutun: da ma'aunin da ake kira hannu ake rubuta tsayin doki, hannu ɗaya inci 4 ne, santimita 10.16, kuma 15.2 na nufin hannu 15 da inci 2.

Wajen ƙwari, na yadi yana miƙewa idan ya sha gumi da ja, sai ya riƙa rage wa doki nauyi a hankali ba a sani ba. Mai zaren gilashi da rufin roba ba ya haka, ana kuma goge shi da tsumma. A duba ko laba aka rubuta maimakon kilo, don kilo ɗaya laba 2.2 ne.

Inda tef ɗin ya fi ƙwarewa shi ne bin sauyin nauyi: mutum ɗaya, tef ɗaya, duk mako biyu, a lokaci ɗaya kafin a ba da abinci. Rama da ido bai kama ba tukuna, tef zai nuna ta. Amma kitsen da ke taruwa a doron wuya ƙarƙashin geza da gindin wutsiya ba ya ganinsa, wannan sai an shafa da hannu, tare da haƙarƙari.