Shagon kayan takalma da na haɗa butum-butumi da kayansa: soso da gam sun yi, a fenti aka samu matsala

Ni malamar aji huɗu ce a wata firamare da ke Unguwar Rogo a Jos, kuma ban taɓa ɗinka takalmi ba tunda nake. Amma a watan Nuwamban da ya wuce sau biyar ina zuwa wani shagon kayan masu ɗinkin takalma a wani lungu bayan Terminus, har yaron shagon ya fara tambayata ko sarin silifa na fara. Abin da ya kai ni shi ne wasan da muka shirya na bikin ƙarshen zango, inda wani butum-butumi zai fito yana yin lissafi yana kuskure, yara suna gyara masa. Irin wanda ake zura hannu ta ƙasa a motsa bakinsa ne, yaran suka raɗa masa Ɗan Ƙarfe tun kafin a yanka ko falle ɗaya. Buƙatata biyu ce: ya zama ba nauyi, domin hannuna zai yi kusan minti goma sha biyar a sama, kuma wanda ke zaune a bencin baya ya rantse ƙarfe ne.

Samun shagon sai da tambaya. Tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka warwatsu cikin lunguna, wani shagon ma ba shi da allo. Wannan ɗin ɗan siriri ne, falle-fallen soso a jingine har rufi, ga fatu, ga zare, ga ƙananan ƙusoshi a gwangwanaye, ga warin gam da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri. Da na miƙa masa zanen da na yi a takarda, ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Malama, wannan takalmin wa za a yi?" Na ce, "Baba, ba takalmi ba ne, kai ne." Ya yi dariya ya ce ɗaliban makarantar fim ma sukan zo masa da irin wannan rigimar.

A kan soso kam, Baba ya san abin da yake sayarwa. Wanda ya ba ni shi ne wanda masu takalma ke kira marko, a littafi kuma EVA ake ce masa, irin wanda ake yin silifa da shi. Ba ya shan ruwa, yana yankuwa da kaifi mai kyau, in ya ji zafi yana lanƙwasuwa ya tsaya a yadda aka lanƙwasa shi. Yana da kauri iri-iri a shagon. Baba ya koya mini in danna da babban yatsa: wanda ya lotsa da sauƙi ba zai riƙe kusurwa ba, wanda ya ɗan yi gardama shi ne na aiki. Na ɗauki mai milimita 10 don kai da ƙirji, mai 5 don kafaɗu, mai 2 don ado. Da zan sake, mai 5 zan yi kan da shi, domin mai 10 ɗin ya sa wuyan hannuna ya gaya mini. Akwai kuma wani falle mai zanen ƙasan takalmi a gefe ɗaya, da shi na yi ragar ƙirji, ta fito kamar gaban injin janareta. Yana sayar da rabin falle, abin da ya rage mini kashe kuɗi sosai. A dai duba fallen gaba da baya kafin a biya, domin na ƙasan tulin suna da ramuka da tabon rana, kuma yaron shagon su yake fara jawowa.

Soson katifa ba ya ajiyewa. Guntayensa na samo wajen masu kujeru a kasuwar Katako, na liƙa a cikin kan don hannu ya zauna daram. A nan kaɗai yake da amfani, a waje shanye fenti yake kamar gasarar da aka zuba wa ruwa.

Gam ɗinsa irin Evo-Stik ne, mai ruwan ɗorawa. Darasin da ya ba ni a kansa ya fi kuɗin da na biya. A shafa siriri a fuska biyun da za a haɗa, a bar shi ya sha iska har sai an taɓa bai kama yatsa ba, sannan a haɗa daga gefe ɗaya a bi a hankali. In ya kama ya kama, babu gyara. Ya ce minti biyar zuwa goma, amma a sanyin safiyar Jos sai da na riƙa ba shi fiye da haka. A waje na yi aikin, nesa da risho, domin yana kama wuta kuma warinsa yana sa ciwon kai. Ƙorafina a nan shi ne na awo. Suna ɗiba daga babban gwangwani su zuba a kwalba, ya fi araha, amma wanda aka ba ni a zuwa na biyu ya yi kauri kamar tuwon da ya kwana. Da na mayar, yaron ya ce in tsinka shi da fetur. Ban yi ba, ƙaramin gwangwani a rufe na saya, kuma shi nake ba kowa shawara.

Reza a sayi da yawa. Marko yana dakushe baki cikin ƙanƙanin lokaci, kuma da zarar reza ta fara ja maimakon yanka, gefen zai fito kamar ɓera ya gaigaya. Don kan ya fito murabba'i mai kusurwa ta gaske, sai a karkatar da reza a yanka gefunan a digiri 45, in an haɗa su babu wanda zai ga kaurin soson. Samfefa mai lamba 120 na yi amfani da ita wajen daidaita mahaɗa, mai 240 wajen sulɓi.

To, sai fenti. Na tambayi Baba yadda zan mayar da shi ƙarfe, ya ɗauko gwangwanin feshi kalar azurfa ya ce in fesa kawai, nan take zai yi ƙyalli. Na yarda da shi, tunda duk abin da ya faɗa a baya ya tabbata. Na fesa a tsakar gida da yamma. Soson ya shanye fentin a wasu wurare, a wasu ya taru, kan ya fito dabbare-dabbare kamar tsohuwar tukunyar da aka kasa wankewa. Kunnuwan kuma, da na sassaƙa daga farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin, a gabana suka narke suka koma kamar ƙanzo. Sinadarin da ke cikin fentin feshi yana cinye irin wannan farin soson, haka ma gam ɗin takalma yake yi masa. Washegari da na buɗe bakin na rufe, fentin muƙamuƙin ya tsattsage. Kwana huɗu na aiki suka tafi. Ban ce da gangan ya yi ba, mutumin takalmi ne, marko a wurinsa ƙasan ƙafa yake tafiya, bai taɓa buƙatar ya yi masa kwalliya ba. Amma da ya ce mini bai sani ba da ya fi.

Gyaran daga bakin wani ɗalibin fim na same shi, wanda na tarar a shagon yana sayen soson da zai yi sulke, sauran kuma gwaji ne a kan guntaye. Matakin farko zafi. Fuskar marko cike take da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, iska mai zafi ce ke rufe su. Injin busar da gashi bai isa ba. Ƙanena mai gyaran waya ya ara mini na'urar hura iska mai zafi da suke cire kayan waya da ita, na riƙa wucewa da ita daga ɗan nesa ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba, har fuskar ta ɗan yi sheƙi. A nan na gano abin da ya fi burge ni a aikin gaba ɗaya: in aka ja layi da reza ba a zurfafa ba, aka hura masa zafi, sai layin ya buɗe da kansa ya zama kamar mahaɗar faranti biyu na ƙarfe. Kan ƙusoshi kuma ɗigon gam ɗin kyandir ne, ɗaya bayan ɗaya a jere.

Mataki na biyu share fage da farin gam, Top Bond ɗin da kafintoci ke amfani da shi. Na ɗan tsinka shi da ruwa, na shafa siriri sau huɗu, kowace shafa sai ta bushe sarai kafin ta gaba. A cikin ɗaki na yi, ƙofa a rufe, domin ƙurar hunturu ba ta raga wa abu mai danshi. Farin gam yana tsagewa a inda ake yawan lanƙwasawa, shi ya sa na raba muƙamuƙin da kan, na haɗa su da baƙin ƙyalle ta ciki, ya zama ƙyallen ne ke motsi, soson yana zaune.

Sai launi, kuma ba da azurfa ake farawa ba. Baƙin fenti na ruwa, irin akirilik da masu zane ke amfani da shi, shi na fara shafe jikin da shi duka. Bayan ya bushe na tsoma burushi a kalar azurfa, na goge shi a jikin kwali har ya kusa bushewa, sannan na riƙa sharar jikin sama-sama. Azurfar ta hau kan kusurwoyi da ƙusoshi, baƙin ya zauna a cikin ramuka, nan da nan abu ya yi nauyi a ido. Na kankare bakin fensir mai lamba 6B na murza garin da yatsa a goshi da kafaɗu, ya ba da ƙyallin tsohon ƙarfe da fenti ba ya bayarwa. Ƙarshe na tsinka fenti ruwan ƙasa sosai na ɗiga a ƙarƙashin ƙusoshi ya gangaro kamar tsatsa. Gwangwanin feshin da Baba ya sayar mini bai tashi a banza ba, na fesa shi a murafun kwalba da na yi sababbin kunnuwa da su.

Idanu ƙananan ƙwayayen fitila ne guda biyu, kowanne da batirinsa mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, a bayan farar roba. Hannuwa tiyon wayar lantarki ne mai gaɓa-gaɓa, sandunan motsa su kuma daga tsohuwar lema na zaro. Waɗannan babu su a shagon, kada a ɓata lokacin tambaya.

Wanda zai yi irin wannan aikin a Jos, ya je can ya sayi marko da reza da samfefa da gam na rufaffen gwangwani, ya saurari Baba da kyau a kan yanka da liƙi, fenti kuma ya nema wajen masu kayan zane. A je da safe, domin daga azahar masu takalma sun cika wurin, ba za a samu sukunin zaɓe ba. Bayan biki na kai masa Ɗan Ƙarfe a cikin kwali ya gani. Ya ƙwanƙwasa goshin da farce, ya ɗaga shi ya ji ba nauyi, ya kira maƙwabcinsa mai sayar da zare ya zo ya duba. Sannan ya ce, "Malama, sau nawa kika ce ake shafa farin gam ɗin?" Na ce huɗu. Ya sa yaron ya rubuta a bayan littafin bashi.