Kayan kamun tirawut a tafkunan Ingila lokacin kaka: me za ka fara saya?

Duk ɗan'uwan da ya zo Ingila ya ce min yana son fara fatsa a tafki, tambayarsa ɗaya ce: wace sanda zai saya? Ni kuwa sai in ce masa ya fara tunanin zare tukuna. Ga dalilina.

Tirawut ba tarwaɗa ba ne, ko da sunayen sun so su yi kama. Kifin ruwan sanyi ne mai kaifin ido, ya fi walwala idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 10 da 16. Da bazara yakan nutse ƙasa yana gudun zafi. Daga Satumba zuwa Nuwamba ruwa ya huce, sai ya taso bakin gaɓa yana farautar 'ya'yan kifi don ya tara kitse kafin hunturu. A manyan madatsun ruwa irin su Rutland da Grafham, waɗanda kamfanin Anglian Water ke kula da su, a wannan lokacin ake samun manya.

Kafin ka kashe ko sisi, duba dokar tafkin da za ka. Sanda mai jefa ƙarfe mai walƙiya ta fi arha, kuma a yini guda hannunka zai faɗa. Amma akasarin tafkunan tirawut ba su yarda da ita ba, sai dai ƙwaron ƙarya, wato ƙugiyar da aka yi wa ado da gashin tsuntsu ko na zomo har ta yi kama da abin da kifi ke ci.

A sandunan ƙwaron ƙarya, zaɓi biyu ne a gabanka. Akwai mai tsawon ƙafa 9, lamba 5 ko 6 (lambar tana nuna nauyin zaren da ya dace da sandar): ba ta da nauyi, tana da daɗin riƙewa, ta dace da ƙananan tafkuna masu itatuwa a gefe. Akwai kuma mai ƙafa 10, lamba 7. Da ta farkon na fara. Wata safiyar Oktoba a Grafham, ina tsaye cikin ruwa har gwiwa, sai na ga 'ya'yan kifi suna tartsatsi a saman ruwa kamar an watsa tsaba, tsuntsaye na ta shawagi a kansu. Nisan bai taka kara ya karya ba, amma iska na busowa ta gabana, duk jifan da na yi sai zaren ya dawo ya taru a ƙafata. Wani dattijo kusa da ni, da doguwar sandarsa, ya fitar da uku kafin hantsi. Don haka idan babban ruwa ka nufa, ɗauki mai ƙafa 10. Ba sai ka kai ga sandunan kamfanin Hardy ko Sage masu tsada ba; matsakaiciya ta kamfanin Greys ko Shakespeare za ta yi maka shekaru.

Faifan naɗe zare kuwa, kada ya ci maka kuɗi. Nemi wanda ke zuwa da ƙarin faifai biyu ko uku da ake cirewa a sauya.

Zare shi ne kan maganar, domin shi ke kai ƙugiyarka zurfin da kifi yake. Mai yawo a saman ruwa shi ne na farko. Da shi ake kama kifin da ke cafkar ƙwaron nan mai dogayen ƙafafu kamar ƙaton sauro, wanda iska ke kwasowa daga ciyawa a Satumba. Na biyu shi ne mai nutsewa a hankali, kamar inci ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. A ganina wannan ne zaren kaka: yana shiga ƙarƙashin igiyar ruwa, ya ja ƙwaron ƙarya a miƙe daidai inda 'ya'yan kifi ke gudu. Sai masu saurin nutsewa, irin Di5 da Di7 na kamfanin Airflo, lambar tana nuna incin da suke sauka a daƙiƙa. Waɗannan na mai kwale-kwale ne. Daga gaɓa ciyawa kawai za su riƙa kwaso maka. Sayi biyun farko masu kyau, ka bar na ukun sai buƙata ta taso.

Siririn zaren ƙarshe da ake ɗaura ƙugiya, kada ka yi ƙasa da mai ɗaukar laba 8, gara ma 10. Tirawut mai farauta ba ya ɗanɗanawa, fizga yake yi.

Gaɓa ko kwale-kwale? Hayar kwale-kwale tana da tsada, dole ka sa rigar hana nutsewa, kuma ranar da iska ta yi ƙarfi ana iya hana fita. Tunda da kaka kifin da kansa yake zuwa gaɓa, wandon roba mai haɗe da takalmi da rigar ruwa mai kauri sun fi maka amfani a shekarar farko.

Saura takardu. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin fatsa na hukumar kula da muhalli, sannan ya biya tikitin tafkin daban. Ka kuma tambayi ranar rufe kamun tirawut mai launin ruwan ƙasa, don da kaka yake shirin zuba ƙwai. A Sikotilan 6 ga Oktoba ce ranar ƙarshe ta kama shi. Shi kuwa tirawut mai launin bakan gizo da ake zubawa a tafkunan Ingila ana ci gaba da kama shi har cikin sanyi.