Ƙaramin UPS na rauta ya rufa mana asiri a zafin Abuja

Jama'a duk mai aiki daga gida a Abuja ya san yadda Maris da Afrilu suke, zafi ba a magana, kowa ya kunna AC sai wuta ta dinga wasa, kana tsakiyar mitin a Google Meet intanet ya yanke. Ƙaramin UPS ɗin nan, wato batirin ajiye wuta da ake jona wa rauta (na'urar da ke ba da wifi), a kasuwar kayan lantarki ta Banex na saye shi, can Wuse 2, bai fi tafin hannu ba, yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 9 da 12 (9V da 12V), in an ɗauke wuta ko ƙiftawa fitilar rautar ba ta yi. Wallahi ya biya kuɗinsa.

Abin da ya fi min daɗi ma tsaro ne, abokan aikina da su ma suka sayi nasu sun daina gudu zuwa wifi ɗin kyauta na otal da takardun kwastoma a laftof, inda ba ka san wa ke leƙe ba. Kowa na kan layinsa mai faswod.

Sai dai batirin lithium ne, ba ya shiri da zafi, kar a bar shi bakin taga ko cikin mota. Ku duba bolt ɗin cajar rautarku kafin ku saya, laftof kam ba ya ɗauka.