Daga Ingila: Kotun Da Ba Ta Faɗin Dalili

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida.

A baya na ba ka labarin kuɗin haya, da tikitin jirgin ƙasa mai cin aljihu, da asibitin da ba a biya amma sai ka gaji da jira. Yau maganar kotu ce, tunda aikinka ne, kuma kullum kana cewa tasu ta fi tamu. Ta wani gefen ta fi. Ta wani gefen ban yarda ba.

A nan, idan aka gurfanar da mutum kan kisan kai, ba alƙali ne ke cewa ya aikata ko bai aikata ba. Mutum 12 masu taya alƙali ake ɗebowa daga rajistar masu zaɓe, daga ɗan shekara 18 zuwa 75: direban bas, malamar asibiti, mai shago, ɗan fansho. Alƙali yana bayyana musu doka, shi ne kuma zai yanke tsawon ɗauri, amma "ya yi" ko "bai yi ba" daga bakinsu take fitowa. Takardar kiran ta iso ni, kuma ba a ƙin ta haka kawai, don tarar tana kaiwa fam 1,000.

Wajen tsari sai masha Allah. Ba wanda ya nemi na goro. Da za a rantsar da ni, ma'aikaciyar kotu ta kawo Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle, ta tambaye ni ko zan fara yin alwala. Wanda ake tuhuma ko mai ba da shaida, idan ba ya jin Turanci, ana kawo masa tafinta kyauta. Kuɗin zama ne dai babu daɗi: idan wurin aikinka bai biya ka ba, iyakar abin da kotu za ta mayar maka fam 64.95 ne a yini a kwana goma na farko, na abinci fam 5.71, abin da bai kai na mai ƙaramin albashi ba. Su ma suna da cunkoso, don a 2024 shari'o'in da ke jiran layi a manyan kotunan laifi sun haura 70,000.

Shari'armu ta wani saurayi ce da aka ce ya daɓa wa wani wuƙa har ya mutu. Bayan an gama jin shaidu, aka karɓe wayoyinmu, aka rufe mu a ɗaki, wani ma'aikaci ya yi rantsuwa cewa ba zai bar kowa ya yi mana magana ba. Da farko alƙali yana neman baki ɗaya. Idan aka wuce awa biyu ba a daidaita ba, yana iya kiranku ya ce zai karɓi 11 da 1, ko 10 da 2. Wannan ya shigo ne a 1967, lokacin Roy Jenkins yana ministan cikin gida, wai don kada 'yan daba su saye mutum ɗaya su lalata shari'a. Tamu da 10 da 2 ta ƙare. Shugabanmu ya miƙe ya faɗi adadin a gaban kowa, kamar yadda doka ta tanada idan an kama mutum da laifi da rinjaye. Kisan kai kuwa ɗaurin rai da rai ne, tunda sun daina hukuncin kisa a kansa tun 1965.

Ko ina cikin goman ko cikin biyun, Yaya, ba zan iya faɗa maka ba. Ko Maman yara ban faɗa wa ba. Tun dokar 1981 haramun ne ka bayyana abin da aka ce a ɗakin ko yadda wani ya kaɗa ƙuri'a, kuma daga 2015 laifi ne da ke kaiwa ɗaurin shekara 2. Ba kuma ya ƙarewa da ƙarewar shari'a. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na ga amfaninsa. Da a gida ne aka san wane ya ce a ɗaure ɗan wane, kafin magariba an turo dattawa, ko a turo wasu da ba dattawa ba. Sirrin ne ke ba mai shago ƙarfin halin saɓa wa likita a teburi ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne mutum biyun nan. Sun ji duk abin da goman suka ji, suka ce akwai shakka. Mahaifiyar yaron tana zaune ta ji "10 da 2", kuma har abada ba za ta san abin da suka gani ba. Lauyansa ma ba zai sani ba, balle ya ɗaukaka ƙara a kai. A 2009 an ci tarar wani shugaban masu taya alƙali fam 500, jaridar The Times kuma fam 15,000, saboda ya fito ya nuna shakkarsa kan hukuncin 10 da 2 da aka yi wa wata mai rainon yara bayan jaririya ta mutu a hannunta. A 1994 kuwa, a wata shari'ar kisan ma'aurata da aka yi a kotun garin Hove, huɗu daga cikin mutum 12 suka jera haruffa suka kifa kofi a otal, wai suna tambayar kurwar mamacin wa ya kashe shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin aka sake shari'a, kuma ta iya bincika maganar ne don a otal aka yi abin, ba a ɗakin shawara ba.

A Amurka ba haka suke ba. Can mutum yana iya fita daga kotu ya zauna gaban kyamara ya zayyana komai, kuma tun hukuncin shari'ar Ramos na 2020 Kotun Ƙolinsu ta ce a babban laifi sai baki ya zo ɗaya a kowace jiha.

Yanzu dubi tamu. Ka fi ni sanin yadda ake ɗage zama, da mutanen da ke gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse shekara da shekaru ba a yanke musu komai ba. Amma ranar da alƙalin Babbar Kotu zai kama mutum da laifi a ƙarƙashin sashe na 221 na Penal Code, sashen kisan kai, dole ya rubuta dalilinsa: na yarda da wannan shaida saboda kaza, na ƙi waccan saboda kaza. Lauya ya ɗauki takardar ya bi ta layi-layi. A Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli, alƙalin da ya saɓa wa 'yan'uwansa yana karanta nasa hukuncin a fili, da sunansa a kai. Mu da aka koya wa cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, da wuya zuciyata ta kwanta da a ce shakkar mutum biyu ba ta isa ko a saurare ta ba.

Da za a tambaye ni, a bar sunaye a rufe, amma a ba waɗanda suka saɓa damar rubuta dalilinsu a takarda, a hatimce, alƙalan ɗaukaka ƙara kaɗai su buɗe. Ka nuna wa abokin aikinka lauyan nan wasiƙar, ina son jin ko yana ganin hakan zai yiwu.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafarta yana hanya.

Ƙaninka.