Place, pack ko grid: wanne ya dace da tagar shigar da buhuna?

Wani ɗan uwanmu daga wajen Taura ya ce yana haɗa wa ƙungiyar manoman riɗi 'yar manhaja da Python da Tkinter, wato kayan haɗa tagogi na Python. Akwai ƙaramar taga mai gurabe huɗu, sunan manomi, ƙauye, adadin buhuna da kuɗi, sai maɓallin Ajiye da na Fasa. Tkinter na da hanyoyi uku na jera abubuwa a taga, place, pack da grid; da place ya jera su, a kwamfutarsa komai tsaf. Da aka buɗe a ta sakatare, rubutu ya hau kan gurabe, Fasa kuma ya ɓace. Tambayarsa, ya gyara lambobin da ya ba place ne ko ya koma pack ko grid?

Ɗan uwa, kada ka wahalar da kanka da gyaran lambobi. Place turke yake kafawa, ka ce x=120, nan zai tsaya ko da sama za ta faɗo. Shi kuwa rubutu girmansa yana bin saitin kwamfuta. Idan Windows ɗin sakatare yana kan 125% ko 150%, ko samfurin haruffansa daban ne, "Adadin buhuna" zai iya wuce fiksel 120 ɗin da ka ware masa. Ka gyara wa wannan, ta ɓaci a waccan. Amfanin place kaɗan ne, kamar ɗora wata 'yar alama a kan hoto.

Pack kamar jera buhuna ne a sito, wannan kan wannan ko wannan gefen wannan, da side="top" ko "left". Ga maɓallai biyu a layi ɗaya babu kamarsa. Amma a fom sai ka yi wa kowane layi Frame nasa, wato akwatin da ake tara abubuwa a ciki, kuma tun da "Ƙauye" bai kai "Sunan manomi" tsawo ba, bakin guraben ba zai daidaita ba, sai ka koma cusa width da hannu. Yana da wani hali kuma: wanda aka fara jerawa shi ke fara samun wuri, don haka idan taga ta matse, na ƙarshe ne ke ɓacewa.

Grid shi ne na wannan aikin. Kamar rumfunan kasuwar Gujungu, kowa da layinsa da lambarsa. Lakabai a column=0, gurabe a column=1, row daga 0 zuwa 3. Faɗin kowane sahu na tsaye yana bin abin da ya fi faɗi a cikinsa, shi ya sa ko rubutu ya ƙara girma gurabe za su matsa da kansu. Ba lakabai sticky="e", gurabe sticky="ew", sannan padx=8 da pady=4 don su sha iska. Abin da aka fi mantawa shi ne columnconfigure. Idan ba ka ba sahu na 1 weight=1 da shi ba, ka ja taga ta buɗe, gurabe na nan a takure, fili na zaman banza.

Maɓallan kuwa ka zuba su a Frame guda, ka ajiye shi a row=4 da columnspan=2 da sticky="e", a cikinsa ka yi amfani da pack. Wannan halas ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne pack da grid a cikin uwa ɗaya, wato taga ko Frame ɗaya. Tk 8.6, injin da Tkinter ke aiki a kansa, zai jefo maka saƙon kuskure na TclError nan take, tsofaffin kuwa sandarewa suke yi, kowanne na jan girman taga ta ɓangarensa. A Windows an saba Ajiye a hagu, Fasa a dama.

Akwai tarkon da ke kama kusan kowane sabon shiga. Idan ka ƙirƙiri Entry, wato gurbin rubutu, ka manna masa grid a layi ɗaya, abin da zai shiga sunan da ka ba shi None ne, domin grid ba ya dawo da komai. Sai ka zo karɓar adadin buhuna da get, umarnin ɗauko abin da aka rubuta a gurbi, a ce babu get. Raba su layi biyu. Haka maɓallin Tab, tsarin da ka ƙirƙiri guraben yake bi, ba lambar row ba. Ranar kasuwa sakatare ba zai riƙa laluben linzami ba, don haka ƙirƙire su daga suna zuwa kuɗi, ka sa focus_set a gurbin suna, ka ɗaure Return da Ajiye, Escape da Fasa.

Ita kanta tagar, Toplevel za ka yi, wato ƙaramar taga a ƙarƙashin babbar tagar manhajar, ba Tk (babbar taga) na biyu ba. Kira transient don ta zauna a kan uwarta, grab_set don kada a taɓa babbar taga a buɗe fom biyu na mutum ɗaya, sai wait_window a ƙarshe don manhajar ta jira a rufe ta. A Linux sa wait_visibility kafin grab_set, in ba haka ba zai iya cewa tagar ba ta bayyana ba tukuna. Kuma ka kwashe abin da ke cikin gurabe kafin destroy, domin da zarar tagar ta rushe, guraben sun tafi da ita.