PhotoScan da hotunan Gwaggo

Wata biyu kenan da rasuwar Gwaggo, yayar Babanmu, Allah ya jikanta ya sa ta huta. Da muka bude akwatinta sai ga tsofaffin hotuna cike a wata ambulan, wasu duk sun yi ja, gefensu ya cinye, kuma kowa so yake ya dauka, to nan fa na sauke wannan manhajar ta Google mai suna PhotoScan, tun 2016 take ashe ni dai ban taba sani ba.

Yadda take aiki shi ya burge ni wallahi, ka saita waya kan hoton ka danna, sai digo hudu su fito ka bi su daya bayan daya, ita kuma ta hada hotunan da ta dauka ta cire kyallin nan da yake bata hoto in ka dauka da kyamara kai tsaye, ta yanke gefe da kanta. Kyauta ce kuma. Amma fa ba ta gyaran yagaggen hoto, yadda yake haka zai fito, kuma in hannunka na rawa kamar nawa ranar sai ka sake.

Akwai wani hoton Gwaggo da take budurwa ta goya Baba, dankwalinta ya karkace tana dariya har wushiryarta ta fito. Da na nuna masa a waya na kara girman fuskar sai ya yi shiru can ya ce "Yaya kenan", ya karbe wayar, har dare bai ba ni ba.