Toscanini, Karajan ko Bernstein: faifan wa ya kamata ka saya?

In kuɗinka na faifan DVD ɗaya ne, kuma kana son ka ga tsofaffin jagororin makaɗan Turai a bakin aiki, ɗauki na Arturo Toscanini.

Tsakanin 1948 da 1952 gidan talabijin na NBC a Amurka ya nuna shi kai tsaye sau 10 da ƙungiyar makaɗan NBC Symphony. Na farkon ranar 20 ga Maris 1948 ne, kiɗan Wagner zalla, saura kwana biyar dattijon ya cika shekara 81. Mako biyu bayan nan ya ja ragamar simfoni ta 9 ta Beethoven, a 1949 kuma Aida, wasan kwaikwayon waƙa na Verdi, a zama biyu. Hoton baƙi da fari ne, dishi-dishi, don a lokacin kyamarar fim ake kafawa gaban allon talabijin ta kwafa. Sautin ma layi ɗaya ne. Amma abin da ya faru a zauren shi kake gani. Ba takarda a gabansa, komai da ka yake yi, sandarsa kuwa ba ta kwana-kwana, har wanda bai san kiɗan ba zai gane abin da take nufi. Kamfanin Testament ya fitar da su a DVD.

Na Karajan hoto tas, sai dai da dama shiri ne: a naɗi sauti daban, sannan makaɗa su kwaikwaya gaban kyamara, shi kuma ido rufe. Na Bernstein a Balin ranar Kirsimetin 1989, na murnar faɗuwar katangar birnin, tarihi ne, amma ya cika jan ƙafa.

Sai batun 'yan damfara. Duk wanda ya ce maka yana da wannan bidiyon na Toscanini mai kala ko mai sitiriyo (sauti layi biyu), kwamfuta ce ta shafa masa fenti, fuskokin makaɗa har narkewa suke yi. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa aiko min kwali mai sheƙi, faifan ciki kuwa kwafe ne daga tsohon kaset ɗin bidiyo, sanda ta sauka kiɗa bai iso ba. A irin wannan kallo, in hoto da sauti suka raba hanya, kuɗinka ya tafi. Juya faifan ka duba: in bayansa ruwan shuɗi ne ko shanshanbale, a gida aka ƙona shi. Kwalin da ba sunan kamfani ba ranar wasa, bar musu kayansu. Ka kuma tambayi lambar yankin faifan kafin ka biya, don wanda aka kulle wa yankin Amurka ba kowace na'ura ke karɓarsa ba.